Shekarar Da Na Kife Turmina

Hauwa, ke kika fi kowa jin zafin abin nan, saboda haka da ke zan fara, sauran 'yan'uwanki su kasa kunne. Kun tashi kuna jin ana cewa uwarku ta lalata amarya da magani. An faɗa muku a gidan biki, an faɗa muku a hanyar Islamiyya, ke har dambe kika yi da 'yar gidan mai nama a kan maganar, kika dawo da yagaggen hijabi kina kuka kina cewa in rantse miki ƙarya ne. Ban rantse ba, na ce ki je ki wanke fuskarki. Na san tun daga ranar kike kallona da wani ido daban, kuma ban ga laifinki ba. To yau ga amsar da na hana ki. Kada wani ya tsallake layi, don na san halinku da gaggawa.

Shekara talatin na yi ina gyaran amare a Rano. A wajen kakarku na gaji sana'ar, ita ma a wajen tata uwar. Da an sa ranar yarinya, sai a kawo min ita saura sati uku, in yi mata dilka da turare, in dafa mata kazar amare, in haɗa mata tsimi da gumba. Kanumfari, minannas, mazarƙwaila, sassaƙen ɓaure, duk a turmin nan na bakin madafa nake daka su. Tun daga Yalwa har Rurum Tsohon Gari, har ƙauyukan Kibiya, in aka ce Talatu mai tsimi ba a ƙara bayani. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ina da alfahari. Ina ji a raina babu matsalar ɗakin aure da ta fi ƙarfin turmina. In mace ta zo tana ƙunƙuni, kafin ta gama magana na miƙa mata gora na ce ta sha safe da yamma. Ban taɓa bari wata ta kai ƙarshen zancenta ba, Allah na tuba.

Yayarku Sadiya kun san 'yar ƙanena ce marigayi, a hannuna ta tashi tun tana rarrafe. Ta gama kwalejinta ta dawo gida tana da shekara ashirin da biyu, ta zauna jiran miji. Duk sa'anninta an kai su ɗaki, wasu har da goyo, wasu ma da hannuna na gyara su tana riƙe min kwano. Manema suna zuwa, amma wannan ya yi wata biyu ya ɓace, wancan a bincika a tarar ba shi da ko kujerar zama. A lokacin ne mata suka fara ce min ciniki ya koma waya, wai akwai zaurukan mata da ake tallar kaya irin nawa. Ni idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan, sai na sayi babbar waya na damƙa wa Sadiya, na ce ta shiga duk inda matan aure suke taruwa ta tallata min. Ni da bakina na ce mata ta shiga ko'ina. Ciniki kuwa ya buɗe, har daga Kano ana aiko direba. Ina ta murna, ina yi mata kirari da sakatariyata. Ina ganin ta rage hira, ta rage cin abinci, da an yi azahar ta shige ɗakin ajiya ta turo ƙofa. Na ce a raina aikin oda ne ya yi mata yawa.

Bayan shekara biyu Allah ya kawo Kabiru, mutumin Kibiya, direban motar da ke kai buhunan masara Kano. Yaro mai kunya, in ya zo gaishe ni ko fuskata ba ya iya kallo. Ita ta ce tana son sa, babu wanda ya matsa mata. Na yi mata gyaran da ban taɓa yi wa 'yar kowa ba, wata guda cur. Aka kai ta, na dawo na kwanta da raina fes. Wata bakwai da biki, ana tsakiyar cirar gyaɗa, ina tsakar gida ina tankaɗe sai na ji sallama. Na ɗago na ga Sadiya da 'yar jakarta, ta rame har ƙashin wuyanta ya fito.

"Lafiya? Ina Kabirun?"

"Yana Kano, Gwaggo."

"Ya san kin taho?"

Ta girgiza kai. Na ce dukan ki ya yi? Ta ce a'a. Ya hana ki abinci? A'a. Uwarsa ce? A'a, Hajiya ba ruwanta. To me ya yi miki?

"Babu abin da ya yi min, Gwaggo. Wallahi da ma ya yi min wani abu, da na fi samun sauƙi."

Yaji babu dalili! Ni dai a tsawon rayuwata ban taɓa jin irinsa ba. Na ja ta ɗaki na yi ta juya tambaya, da ƙyar na tsinci kalma biyu: wai ba ta jin komai game da mijinta, in ya matso sai ta ji kamar ba ta cikin jikinta. Ina jin haka na tafa hannu na ce ai wannan sanyi ne, don wannan kika tayar min da hankali? Ban bari ta ƙarasa ba, irin yadda na saba. Washegari na ɗora tukunya, na haɗa mata tsimi mai ƙarfi, na tsare ta sai ta shanye. Kwana goma tana sha tana hawaye, ni kuma ina ce mata ɗaci ne, zai wuce. Maimakon sauƙi sai ta ƙara birkicewa. Ba ta iya zama wuri ɗaya, ta yi alwala sau biyar kafin la'asar, in ta idar da salla ta daɗe a sujada tana shessheƙa. Da na ga turmina ya gaza, sai zuciyata ta tafi inda zuciyar kowace tsohuwa take tafiya. Na ce shi ke nan, aljani ne ya aure min yarinya, shi ne yake raba ta da mijinta. Na sayo turaren da ake yi wa masu iska, na aika wa wani malami a Tarai cewa muna tafe ranar Laraba.

Ranar Larabar da hantsi, na saka mayafina, mai babur yana jira a ƙofar gida. Na leƙa ɗakin ajiya na ce ta fito. Tana zaune a kan buhun aya, ko hijabi ba ta saka ba.

"Gwaggo, ki sallami mai babur ɗin nan."

"Don me? Ke ba kya son ki warke?"

"Ba aljani ba ne. Kada a je a yi ta yi wa Alƙur'ani wahala a kaina, ni na san abin da ke damuna. Ni ce."

Ta miƙo min wayar, ta kau da kai ta fuskanci bango. Ba zan faɗa muku abin da na gani ba, kuma ko daƙiƙa ɗaya ban yi ina kallo ba. Finafinan batsa ne, tsiraicin mutane ƙuru-ƙuru. Wayar ta suɓuce daga hannuna ta faɗa cikin kwandon citta. Na ce innalillahi ya fi sau goma, na zauna daɓas a ƙasa. Wallahi abin da ya fara zuwa min shi ne in ɗauki muciya. Abin da ya hana ni, bayanta da na kalla, yana ta karkarwa kamar na mai zazzaɓi. Na fita na sallami mai babur, na dawo na rufe ƙofa, na ce to yi magana, yau ba zan katse ki ba.

Ta ce a cikin zaurukan nan da na tura ta ne. Wasu matan suna turo irin waɗannan abubuwa da sunan koyar da zaman aure, wai don mace ta san yadda za ta riƙe miji. Da farko tana gogewa, daga baya ta ce bari ta duba sau ɗaya, tunda ita ma aure za ta yi. Daga sau ɗaya ya zama kullum, daga abin da aka turo ya zama ita take nema. Ta ce abin yana taso mata ne kamar ƙishirwa, musamman in gida ya yi shiru ko an kawo katin bikin wata ƙawarta. In ta gama sai ta tsani kanta, ta yi wanka, ta goge komai, ta yi rantsuwa. Kwana uku, huɗu, ta koma.

"Na ɗauka aure zai raba ni da shi, Gwaggo. Kullum ina cewa da an kai ni ɗakina shi ke nan. Sai na tarar abin da ke cikin kaina daban, abin da ke gabana daban. Kabiru mutum ne, ni kuma idona ya saba da abin da ba na mutane ba. Ya tafi Kano kwana biyu, ni kaɗai a gida, sai in koma. Ya dawo da tsarabarsa yana murna, in kasa haɗa ido da shi."

Abin da ya kore ta daga gidan kuwa, wai ta ɗaga katifa ta tarar da ƙullin magungunan maza irin na tasha. Bawan Allah ya ɗauka shi ne ya gaza, yana ta ɗirka wa cikinsa abin da bai sani ba, bai taɓa ce mata uffan ba. Ta ce da ta ga wannan ƙullin sai ta ji ba za ta iya ƙara kwana tana cutar sa ba.

Ina cikin wannan tashin hankali, ko kwana biyu ba a yi ba, aka aiko daga Kibiya cewa ranar Asabar za a zo biko. Kun san yadda biko yake a wajenmu: ba a mayar da mace sai an zauna an faɗi abin da ya fito da ita, a ba mai laifi laifinsa. Kabiru ya riga ya zo sau biyu ta ƙi fitowa, magana ta fara yawo. Kwana ukun nan ban san ɗanɗanon abinci ba. In na ɗauki ludayi sai in tsaya in rasa me na zo yi. In faɗi gaskiya? Kafin magariba ta zaga Kibiya, ta zaga Rano, kuma mace in aka liƙa mata wannan suna, ko ta mutu sai an gaya wa jikokinta. Namiji in an kama shi da irin wannan sai a yi tsaki a ce ya shiryu, mace kuwa an gama da ita. In yi shiru? Shirun ma amsa ce, kowa zai cike gurbin da abin da ya fi muni. Sadiya kuma ta ce min in aka matsa mata za ta ce a sake ta kawai. Ina kallon aure mai kyau zai mutu a hannuna, kuma ni na sayo wayar.

Ranar Asabar bayan la'asar suka iso: Hajiya Kande yayar mahaifiyar Kabiru, da kawunsa, da shi kansa. Maza suka zauna a zaure da babanku, aka bar ƙofa a buɗe yadda za su ji, mu kuma muna tsakar gida a kan tabarma. Hajiya Kande mace ce mai magana a tsaye, ko ruwan da na kawo ba ta taɓa ba.

"Talatu, mu ba faɗa ya kawo mu ba. Mun titsiye yaronmu, ya rantse bai san laifinsa ba. To ga ta nan, ta faɗa. In shi ne, wallahi a gabanki zan saɓa masa."

Sadiya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma.

"To in babu dalili," in ji Hajiya Kande, "ni ba yarinya ba ce. Mace ba ta gudun miji haka kawai sai in akwai wani a ranta. In haka ne a faɗa mana, ya ba ta takardarta, kowa ya huta."

Na ga leɓen Sadiya ya motsa. Ban san me za ta ce ba, gaskiyar ko a sake ta, kuma duka biyun ban shirya jin su ba. Sai kawai na ji muryata ta fita.

"Hajiya, ku daina tuhumar yaran nan. Ni ce."

"Ke ce me?"

"Tsimin da na yi mata na biki. Wani mai tallar magani ya kawo min wani gari, ban san asalinsa ba, kwaɗayin a yabe ni ya sa na zuba mata. Shi ya juya mata jiki, ya sa take gudun mijinta. Kunyata take ji, shi ya sa ta ƙi faɗa. Ku ba ni wata biyu in cire mata shi, in ba ta dawo daidai ba ku yi yadda kuka ga dama."

Hajiya Kande ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Ke Talatu? 'Yar ƙanenki?" Daga zaure na ji kawun yana salati. Sadiya ta ɗago a firgice za ta yi magana, na danne mata ƙafa da gwiwata har sai da ta yi ƙara. Suka amince da wata biyun. Da za su tafi Hajiya Kande ta sha ruwan, amma ba ta ƙara kallon inda nake ba.

Kafin sati ya zagayo maganar ta gama gari. Amare biyar aka riga aka yi min maganarsu na bayan kaka, ɗaya bayan ɗaya iyayensu suka aiko da uzuri. Wata da na gyara 'ya'yanta huɗu ta hango ni a gidan suna ta ja 'yarta gefe. Matan da suka shekara goma da aure suka fara tuno ciwon mara da suka taɓa yi, kowa ta ce tsimina ne. Na wanke turmin, na kife shi a bakin madafa, ban ƙara ɗaga shi ba. Ya yi min ciwo, kada ku ji an ce bai yi ba. Sana'ar uwata ce da kakata, a hannuna ta mutu da sunan banza. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya same ni ina shanya washegarin bikon, ya tsaya a kaina ya ce:

"Shekara talatin kina daka, ko gishiri ba kya karɓa a hannun wanda ba ki sani ba."

"Tsautsayi ne, Malam."

"To. Allah ya san abin da kika rufe. Ya rufa miki naki."

Har ya koma ga Allah bai sake tayar da zancen ba.

Wata biyun nan ba magani na ba ta ba, ko kanumfari ɗaya. Na karɓi babbar wayar na ba ta 'yar ƙarama mai madannai. Na hana ta zaman ɗaki ita kaɗai da rana, muka zauna ɓarar gyaɗa tun safe har hannuwanmu suka yi kanta. Muka yi yarjejeniya, duk sanda abin ya taso mata ta ce min, "Gwaggo, ƙishirwa," ni kuma ba zan yi mata wa'azi ba, sai dai mu tashi mu yi wani aiki ko mu taka zuwa gona. Wata rana sau uku take faɗa. Ba tafiya ce miƙaƙƙiya ba: a sati na biyar ta ari wayar maƙwabciya da sunan kiran ƙawarta, ta dawo ido jawur ta faɗa min da kanta. Ranar na shiga banɗaki na yi kukana, na fito na ce mu fara lissafi daga yau. A kan tabarmar gyaɗar nan na yi mata maganar da ban taɓa yi wa amarya ko ɗaya ba, cewa sabo tsakanin mace da miji a hankali yake ginuwa, da hira, da faɗa wa juna abin da ake so ba tare da jin kunya ba, kuma abin da ta gani a waya sana'a ce ake yi don a kama irinta. Ina faɗa ina jin nauyin bakina. Ɗaruruwan 'yan mata na cika wa ciki da kaza na tura su ɗaki, abin da nake ce musu kawai su yi haƙuri su yi biyayya.

Ta koma Kibiya da ƙaramar wayarta, ni kuma na zauna cikin zullumi. Duk sallamar da na ji da rana sai in ce ga ta nan da jakarta. Sai da aka kusa shekara, ran nan Kabiru ya zo shi kaɗai ya ce yana son ganina. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina, hularsa a hannu yana ta murzawa.

"Gwaggo, ta faɗa min. Duka."

Na ce, "To, me ka yanke?"

"Kwana uku ban yi mata magana ba. Sai na tuna ni ma na ɓoye mata nawa a ƙarƙashin katifa. Matata ce, Gwaggo, muna nan tare. Amma ke fa? Ki bar ni in je in gaya wa su Hajiya ba maganinki ba ne."

"In ka ce ba maganina ba ne, sai su ce to mene ne. Me za ka ce musu?"

Sai na ce ya tashi ya tafi, kuma in na ji maganar nan a bakin wani ban yafe ba.

Za ku ce to me ya sa yanzu na buɗe. Ba ni na buɗe ba. Da ƙaramar sallar da ta wuce Sadiya ta zo da yaranta uku, ta same ni a ɗaki ta ce in rubuta muku, da sunanta, kada in sakaya. Na ce ta yi hauka? Ta ce har yau ba ta yarda ta riƙe babbar waya ba, kuma har yau wani lokacin ƙishirwar tana leƙo ta, amma ta gaji da ganin Hauwa tana gaishe ni ido a ƙasa. Ta ce kuma dukkanku kuna da 'yan mata a gida, kowace da waya a tafin hannu. Wannan takarda ta cikin gida ce, wanda ya fitar da ita shi da Allah. Hauwa, ban zuba wa kowa gari a tsimi ba. Amma kada ki wanke ni tas, don ni na tura ta inda ta gamu da abin, kuma ta zo min da ciwonta na toshe mata baki da gora kwana goma.

Jiya da azahar na fito alwala, na tarar da Ummi 'yar riƙonki zaune a kan kifaffen turmin nan. Shekararta ashirin da ɗaya, ta gama karatu, tana jiran miji, kanta a sunkuye a kan waya. Da ta ji motsina sai ta yi sauri ta kife ta a cinya. Wataƙila hirar ƙawaye ce, wataƙila wani saurayi ne, ban sani ba. Sai ranar Larabar nan ta faɗo min a rai. Ban ƙwace ba, ban yi salati ba. Na ajiye butar, na jawo kujera na zauna kusa da ita.

"Kaka, lafiya?"

"Lafiya lau. Hira na zo mu yi, kuma yau ke za ki yi magana, ni ba zan katse ki ba."